Matar da Aka Cire Daga Labarinta

Abubuwa da yawa na zamana a Ingila sun fara dusashewa a raina. Na manta lambar gidan da muka zauna a Selly Oak, na manta fuskokin rabin mutanen da muka yi karatu tare. Amma akwai wata Asabar da na wuni a ɗakin wani dattijo Balarabe a Manchester ina karanta masa littafin da shi da kansa ya rubuta. Wannan ranar kam, ko tsufa ya zo ya kwashe mini tunani, ina jin ita ce za ta rage ta ƙarshe.

A lokacin ina karatun digiri na uku a jami'ar da ke Edgbaston, cikin Birmingham, da tallafin karatu daga gida. Larabci na karanta a digirin farko, adabin Turanci a na biyu, shi ya sa na zaɓi yin bincike a kan yadda mata suke fitowa a littattafan hikaya da Larabawa suka rubuta bayan Turawan mulkin mallaka sun bar ƙasashensu. Tun ina gida abin yake damuna. Littattafan nan cike suke da maganar 'yanci, maza na ta fafutukar korar Bature, amma da zarar labari ya shiga cikin gida sai ka tarar da mace a tsaye da faranti na shayi, ba ta da baki. Ƙasa ta samu 'yancin kai, ita ko layi biyu na magana ba a ba ta ba.

Maigidana ya ajiye aikinsa na koyarwa ya biyo ni, abin da danginsa ba su fasa yi masa gori a kai ba. A Birmingham aikin kula da tsofaffi ya samu, wanda a can suke kira carer. Shekarun nan kuwa su ne gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Kusan kullum sai ya dawo da labarin an rage ma'aikata, ko an ce council, wato ƙaramar hukuma, ta yanke kuɗin abu kaza. Mu da muka zo da tunanin ƙasar Turawa ba a rasa komai, muka ga ana rufe wuraren wasan yara da ɗakunan taron unguwa ɗaya bayan ɗaya.

Cikin littattafan da nake nazari akwai wani ɗan siriri da ba a san shi sosai ba. Wani mutumin Aden ne, a kudancin Yemen, ya rubuta shi yana matashi. Jarumin labarin saurayi ne ɗan gidan tela, yana ratsa shingayen sojojin Ingila da saƙonnin 'yan gwagwarmaya ɓoye a ƙasan kwandon burodi. Aka kama shi, aka tsare shi, aka gana masa azaba, bai kama sunan kowa ba. Saurayin yana da wata 'yar'uwa da take fitowa jefi-jefi. Kullum a bakin ƙofa take, tana leƙe, ba ta cewa uffan. Littafin ma bai ba ta suna ba, “yarinyar” kawai yake ce mata.

Ban yi saurin ganin laifin marubucin ba. Ni daga gidan na fito da har mahaifina ya rasu ban taɓa jin ya kama sunan mahaifiyata ba, kuma na san ba raini ba ne, kunya ce da girmamawa. Sai na kasa yanke hukunci: rashin sunan yarinyar nan wulaƙanci ne ko sutura? Malamar da ke duba aikina, wata Baturiya mai haƙuri, ta karanta babin ta ce ina ta zagaye wuri ɗaya. Gaskiyarta kuwa.

Duk mako nakan hau bas in je Sparkhill cefane, don a shagunan Stratford Road ne nake samun attaruhu da doya da naman da hankalina ya kwanta da shi. A nan na san da wani zaman karatu na mata da ake yi a wani ƙaramin ɗaki na laburaren unguwa. Matan Yemen ne da na Somaliya da Pakistan da Sudan, yawanci manya, suna koyon karatun Turanci suna hira. Na fara zuwa ina taimaka musu. Mai jan ragamar zaman wata 'yar Yemen ce haihuwar Birmingham, ma'aikaciyar jinya, sa'ata, mai yawan dariya. Muka ƙulla ƙawance. Wata rana na buɗe jaka zan ɗauko alƙalami, ta hango littafin.

“Ke, ina kika samo wannan?” ta ce. “Ai mijin gwaggona ne. Yana nan da ransa a Manchester.”

Na ɗauka wasa take. Ni a raina mutumin ya daɗe a kabari.

Haka muka shirya muka hau motar safa zuwa Manchester ni da ita. Gidan nasu yana can sama a wani dogon bene na council, lif ɗin ya lalace, muka hau da ƙafa muna haki. Wadda ta buɗe mana ƙofa gwaggon ƙawata ce, matar marubucin, dattijuwa 'yar gajera, idanunta tas kamar na yarinya. Malamar makaranta ce a da, a Aden. Na gaishe ta da Khala, yadda Larabawa ke kiran inna, ta riƙe hannuna ta ce, “Shigo, 'yata.”

Dattijon yana zaune a kujera kusa da taga, an lulluɓe masa ƙafafu da bargo. Shanyewar ɓarin jiki ta kama shi. Ta tafi da hannunsa na dama, ta tafi da Turancinsa gaba ɗaya, ta bar masa Larabci guntu-guntu wanda matarsa ce kaɗai ke fahimta da kyau. A da ana turo masa mai kula safe da yamma, kuma akwai wani wurin wuni na tsofaffi da mota ke zuwa ta kai shi. An rufe wurin, an mayar da mai kular leƙowa ɗaya da safe. Sauran wunin duk Khala ce: ɗagawa, wanka, abinci, magani. Ta ce rabonta da wuce shagon ƙasan bene har ta manta.

Ta kawo mana shayi mai madara da kanumfari. Na fara tambayoyina, yana amsawa da ƙyar, ita tana fassara mini. Ya ji daɗin ganin an zo daga Najeriya da littafinsa a hannu, har da ɗan murmushinsa na gefe ɗaya. Can na tattaro ƙarfin hali na ce, “Ustaz, yarinyar nan ta bakin ƙofa, me ya sa ba ta da suna?”

Ya juya fuskarsa wajen taga. Khala ta gyara masa bargo ta ce, “Ya gaji.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ƙawata ta miƙe ta ce bari ta sauka ta karɓo masa magungunan da likita ya rubuta. Ni kuma don in ɓoye kunyata na kwashi kofuna na bi Khala kicin. Tana wankewa ina gogewa. Sai ta kashe famfo, ba ta kalle ni ba, ta ce, “Babu wani saurayi. Yayata ce.”

Ban gane ba sai da ta sake faɗa. Duk abin da saurayin littafin ya yi, yayarta ce ta yi shi, tana budurwa ba ta kai ashirin ba. Ita ke ɗaukar kwandon, saboda da farko sojoji ba su cika binciken mata ba. Ita aka kama. Ita ta yi watanni a tsare ba ta kama sunan kowa ba, kuma cikin sunayen da ta riƙe a bakinta har da na wannan dattijon da ke zaune a falo, wanda a lokacin shi ne ke neman auren Khala.

“Da aka sake ta,” Khala ta ce, “mahaifinmu ta ƙofar baya ya shigo da ita. An gaya wa maƙwabta wai ta je ƙauye jinyar wata gwaggonmu. Kin san abin da mutane za su ce a kan budurwar da ta kwana a hannun sojoji. Ranar da Turawa suka tafi, gari ya cika da kiɗa. Mazan da take kai wa saƙo suna bisa motoci ana yi musu guɗa. Ita tana cikin ɗaki tana tsince shinkafa.”

Bayan sun yi aure, mijin ya zauna da yayar ya tambaye ta duk abin da ya faru, ya rubuta shi yadda yake, da sunanta. Maganar ta kai kunnen yayyensu maza. Suka zo suka same shi suka ce in littafin ya fita a haka, ya tona asirin gidansu, kuma a ranar za su ɗauke ƙanwarsu daga gidansa. Abokan gwagwarmayarsa da ke da madaba'a su ma suka ce sabuwar ƙasa jarumi namiji take buƙata, wanda samari za su yi koyi da shi. Ya yi ta jayayya, daga ƙarshe ya haƙura.

“Ni na buga masa shi a tafireta,” ta ce, tana ɗaga hannayenta da kumfa a jiki. “Da waɗannan. Duk inda ya rubuta ‘ita’, na mayar da shi ‘shi’. Shafi bayan shafi na cire 'yar'uwata daga labarinta.”

Na ce, “Khala, kin ji haushinsa?”

“Na ji. Na ji haushin kaina ma. Ina da cikin fari a lokacin, ina tsoro. Amma ki sani, 'yata, duk garin nan shi kaɗai ne namijin da ya taɓa zama ya tambaye ta abin da aka yi mata. Yarinyar bakin ƙofar nan ma sun ce ya cire ta, ya ƙi. Iyakar abin da ya iya ke nan.”

Na tambaye ta ko yayar ta karanta littafin. Khala ta yi wata 'yar dariya da ban so ji ba. Ta ce ta karanta, ta dawo mata da shi, abin da kawai ta ce shi ne, kwandon ba na burodi ba ne, na kifi ne, don ba sojan da ke son cusa hannu cikin kifi. Ba ta sake tayar da maganar ba. Ba ta yi aure ba. Ta raini 'ya'yan 'yan'uwanta har ta rasu.

Ba zan ɓoye ba, a tsayen nan zuciyata ta rabu biyu. Tausayi ya cika ni, amma ɗalibar da ke cikina tana ta lissafin babin da ya gagare ni. Na ce mata cikin ladabi, ko za ta ba ni izini in sa wannan a bincikena.

Ta miƙo mini kofi na ƙarshe ta ce, “A'a, 'yata. An taɓa faɗin labarinta da bakin wani. In za a sake faɗa, ni zan faɗa.”

Na ce to. A hanyar komawa Birmingham ƙawata tana ta zuba, ni na jingina da gilashi. Ban gaya mata ba. Matar da ake magana a kai gwaggonta ce ita ma, ita ta raini mahaifin ƙawar tawa, amma ba ni da hurumin buɗe baki.

Bayan wasu makonni aka manna sanarwa a laburaren Sparkhill. Za a rage ranakun buɗewa, ɗakin da muke zama kuma za a rufe shi. Matan suka yi jugum-jugum. Wasunsu wannan zaman ne kaɗai fitarsu ta mako da ba ta cefane ko asibiti ba. Aka yanke a yi zaman bankwana ranar wata Asabar, kowa ta kawo abinci, a gayyato baƙuwa ta yi jawabi. Ni na ce wa ƙawata ta gayyato gwaggonta, tunda tsohuwar malama ce. Ta ce dabara ce mai kyau. Da na koma gida na kira Khala da kaina.

Na gaya mata maganar zaman bankwanar. Ta san abin da nake nufi: ta zo ta faɗi labarin yayarta da bakinta. Ta ce, “Ina so. Wallahi ina so. Amma wa zai zauna da shi?” Ta riga ta taɓa neman a turo mata wanda zai riƙe shi na wuni ɗaya, aka ce an sa ta a layi, layin kuma ba ya motsi. Ɗansu ɗaya yana wata ƙasar.

Na ajiye wayar. Maigidana yana gefe yana gugar rigar aikinsa, ya ji rabin maganar, na ƙarasa masa sauran ba tare da na shiga sirrin ba.

“To mu je mu zauna da shi mana,” ya ce. “Ina hutu ranar Asabar ɗin. Ai aikina ne.”

“Kai dai ka je,” na ce. “Ni ina so in ji abin da za ta faɗa.”

“Kin ce ba ya jin Turanci yanzu. Ni kuma Larabcina na salla ne. In ya ce cikinsa na ciwo, ta yaya zan sani?” Ya ɗaga kai ya kalle ni. “Ko me za ta faɗa, da alama ke kin riga kin ji. Su ne ba su ji ba.”

Na yi ta juya maganar a raina. Taron da ni na haɗa, labarin da ya shafi aikina kai tsaye, a ce ba ni a wurin. Amma daga ƙarshe na amince mu je tare.

Ranar Asabar muka yi sammako. Muka tarar da Khala ta shirya cikin baƙar abaya mai ɗinkin zare a hannu, tana ƙamshin turaren wuta. Ta nuna wa maigidana inda komai yake, ta maimaita, ta sake maimaitawa. Ta kai bakin ƙofa ta dawo ta gyara matashin kai. Ta sake fita ta dawo ta ce kada a ba shi ruwa mai sanyi. Ashe ta gaya wa mijin inda za ta da abin da za ta faɗa. Da ta dawo karo na gaba, ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna mata ƙofa, ya furta kalma ɗaya da ko ni na gane: “Tafi.” Ta tsaya ta kalle shi, ta juya ta sauka.

A ranar na ga aikin mijina da idona a karon farko. Ya durƙusa gaban dattijon ya ce, “Baba, sannu,” da Hausa, kamar tsohon ya san ta. Ya yi masa aski, ya goge masa jiki, ya ɗaga shi cak ba tare da ya ji ciwo ba, ya ba shi abinci a baki yana jira ya haɗiye kafin ya ƙara. Da azahar ta yi ya yi masa alwala suka yi salla tare, shi a tsaye, tsohon a kujera. Na tuna masu yi masa gorin ya bi mace zuwa Turai yana wanke tsofaffi, na ji da ma suna nan.

Bayan salla dattijon ya riƙa nuna jakata. Na ɗauka ruwa yake so. Ya girgiza kai, ya sake nunawa, har na gane littafin yake nufi. Na ɗauko. Ya sa na yi ta buɗe shafuka har muka kai babin da saurayin ke tunkarar shingen sojoji. Ya yi mini alama in karanta.

Na fara. Ban gama jimlar farko ba ya buga hannun kujera. Na tsaya. Ya yi ta kokawa da harshensa, sannan ya ce, “Hiya.” Ita.

Na koma farkon jimlar na karanta ta da mace. Wanda ya san Larabci ya san ba ƙaramin aiki ba ne, domin ba kalma ɗaya ake canzawa ba, aikatau da siffa duk sai sun bi. Na riƙa tuntuɓe. Duk inda na yi kuskure na bar namiji, sai in ji bugun hannunsa a kujera, in koma in gyara. Da na zo wajen kwandon burodi ya buga da ƙarfi har maigidana ya zabura. “Samak,” ya ce. Kifi. Na gyara, na ga kafaɗarsa tana rawa, ashe dariya yake.

Dariyar ba ta daɗe ba. Muka shiga babin kurkuku. Na karanta yadda aka tsayar da ita kwana da kwanaki ba barci, yadda aka riƙa jera mata sunaye ana cewa ta gyaɗa kai kawai, ita kuwa ta kafa idonta a bango. Na sha karanta wurin nan, na yi masa sharhi a takarda, amma ban taɓa jin nauyinsa ba sai da ya zama budurwa ce a ɗakin. Hawaye suka riƙa bin kumatun tsohon. Maigidana ya sa tawul yana share masa, ya ce mini ƙasa-ƙasa, “Me kike karanta masa haka? Ko za ki dakata?” Na dakata. Tsohon ya buga kujera. Na ci gaba.

Sai muka zo inda aka saki jarumin ya dawo gida. A littafin, yarinyar nan marar suna tana tsaye a bakin ƙofa tana kallonsa, ba ta ce komai ba. Na rasa yadda zan yi. Yanzu jarumar ce ke shigowa, to wace ce a bakin ƙofar? Na ɗaga kai na ce, “Ustaz, wannan fa? Yaya zan karanta ta?”

Ya daɗe yana kallon shafin. Har na zaci ya manta da tambayar. Sannan ya ɗora hannunsa a ƙirji ya ce, “Ana.” Ni ne.

Na karanta shi a hakan: yana tsaye a bakin ƙofa yana kallonta, bai ce komai ba. Da na rufe littafin, ya lumshe ido ya furta wani suna na mace, tar, ba gargada, irin yadda bai furta wata kalma ba duk wunin. Ya sake faɗa. Daga nan barci ya ɗauke shi.

Da yamma Khala ta dawo, ƙawata ce ta kawo ta a mota. Muryar Khala ta dushe. Ƙawata kuwa idanunta sun kumbura. Ta ja ni kicin ta riƙe ni ta ce, “Kin sani, ko?” Na ce na sani. Ta ce ita a saninta gwaggon nan tata, yayar Khala, wata tsohuwa ce shiru-shiru mai aiko musu da turaren wuta daga Aden. Ta ba ni labarin yadda ɗakin ya cika har wasu suna tsaye, yadda Khala ta fara da Turanci, ya gaza mata ta koma Larabci, ita ƙawar tawa tana fassarawa tana kuka. Da Khala ta ambaci sunan yayarta, wata tsohuwa 'yar Somaliya ta miƙe ta ce ita ma mahaifiyarta ta ɓoye mutane a gidanta zamanin Turawa, ba wanda ya taɓa rubutawa, ta faɗi sunanta. Wata 'yar Sudan ta faɗi na kakarta. Sai da mai gadi ya zo ya ce lokacin rufewa ya wuce.

Da muka fito falo, Khala ta cire takalmi ta zauna kusa da mijinta tana tambayarsa ko ya ci abinci. Ya yi mata wata doguwar magana da ban kama ko rabinta ba. Ta saurara har ya gama, ta rufe fuska da mayafi na ɗan lokaci. Da ta buɗe ta kalle ni ta ce, “Ya ce Larabcinki na makaranta ne, amma kin iya gyara.”

Dattijon bai kai bazara ta gaba ba. Khala ta koma Birmingham wurin ƙawata. Na gama karatuna ba tare da na sa ko kalma ɗaya ta wannan sirri a kundina ba, amma babin ya warware. Na daina tsayawa a kan ko shirun matan nan raini ne ko sutura, domin na ga yana iya zama duka biyun a gida ɗaya, har a zuciyar mutum ɗaya. Na koma tambayar wa ya tsaya a kan marubuci lokacin da yake rubutu, da kuma abin da matar take yi a sa'ar da littafin bai kalle ta ba. Ranar da na je yi wa Khala sallama zan dawo gida, ta ce in na ga dama in ba da labarin, amma ban da sunan. Ta ce ta fara rubuta nata littafin a hankali, kuma a can za a fara ganinsa. Shi ya sa ba ku gan shi a nan ba.

Na je Ingila da niyyar in yi magana a madadin matan da aka hana baki, kuma har gobe ina ganin aiki ne mai kyau. Amma abin da na koya a ranar nan daban ne. Matar da ta yi shiru, sau da yawa ba rasa abin faɗa ta yi ba, kuma ba mai faɗa mata take nema ba. Akwai wanda take jinya, akwai tukunya a wuta, akwai tsoron abin da za a ce. In da gaske kana son a ji muryarta, wani lokacin abin da ya fi shi ne ka karɓi aikin da ya ɗaure ta na wuni ɗaya, ka bar ta ta je ta faɗa da bakinta, ko da kai ba za ka kasance a wurin ba.